Kujerar Dama

Shafi na 27

Masu cewa na bar ku a rataye, duk na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce za ta biyo ni gida ta ƙwace wayar ta ƙarasa rubutun da kanta. Ki zo, 'yar'uwa, ni ma na huta. Sai dai shafin yau ba na dariya ba ne, ni da nake rubutawa ma sai da na ajiye wayar na ɗan zagaya. Sababbin shigowa, mun tsaya ne a inda Abba ya tashi horon shekara a jirginsa tare da malaminsa Kyaftin, 'yarsa Auta kuma tana ofis tana jiran saukarsu.

*

Tun daga takun Kyaftin Auta ta san ba lafiya ba. Mutumin da kullum daga bakin ƙofa yake fara tsokanarta, yau shigowa ya yi ya mayar da ƙofa ya rufe, ya ajiye na'urar kunnensa a kan tebur, ya tsaya yana kallon taga.

Aikin Auta ke nan a wannan ƙaramin filin jirgi, haɗa masu jiragen kansu da malaman tuƙi. Mai kuɗi zai je ya sayo jirgin da ya fi ƙarfin hannunsa, irin mai naɗe tayoyi a ciki in ya tashi, mai gudun da ba ya jiran mutum ya gama tunani. Kamfanin inshora kuwa ba ruwansa da girman rigarka. Sai ka zauna an koya maka jirgin daga farko, kuma duk shekara ka dawo a sake gwada ka. Ita ke nemo malamin da ya san irin jirgin, ta tsara ranaku, ta lallashi manyan mutanen da ke ganin raini ne a ce su maimaita sauka. Ta sha zagi a wannan kujerar, ta ga masu son a sa musu hannu suna kwance a gida. Abin da ba ta taɓa kawowa ba shi ne wata rana a rufe mata ƙofa a kan maganar mahaifinta.

"Ina Abba?"

"Ya wuce gida. Ya ce kansa ke ciwo."

"Ko leƙo ni bai yi ba?"

Kyaftin ya ja kujera ya zauna.

"Auta, ba zan sa masa hannu ba."

Dariya ta yi, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Kyaftin, Abba fa muke magana. Tun ban iya tafiya ba yake tuƙa jirgi."

"Na sani. A sama hannunsa ya fi nawa laushi, wannan ba na musu. Na rage masa wutar inji ba zato, ko gezau bai yi ba. Na rufe masa gaba na ce ya bi mitoci kawai, ya bi su tsaf."

"To mene ne?"

"Bai sauke tayoyi ba."

Ta gyara zama.

"Mantuwa ce. Wane mai jirgi ne bai taɓa yi ba? Ai don haka ake horon."

"Bari in ƙarasa. Na ƙyale shi ne in ga iya gudun ruwansa. Ƙararrawar tayoyi na ta ihu a kunnenmu, korayen fitilun nan uku masu nuna tayoyi sun fito ko ɗaya ba ta kama ba, shi kuwa sauka kawai yake, hankali kwance. Har na fara ganin tsagar kwalta. Sai da na karɓe na ƙara wuta muka koma sama. Ya juyo yana tambayata me ya faru."

Kyaftin ya ci gaba.

"Na gaya masa. Ya ji kunya, ya ba ni haƙuri. Na ce, Injiniya, mu sake zagayowa, wannan karon ka kula da tayoyi. Ya ce to, har ya maimaita da bakinsa. Muka zagayo, muka dawo daidai wurin, ya sake wucewa kamar ba a yi maganar ba."

"Wataƙila bai yi barci ba jiya. Ko maganin hawan jininsa ne."

"Wataƙila. Amma abin da ya tsaya min a rai daban ne. Duk lokacin da muka miƙe layin sauka, sai ya sunkuya ya kalli gwiwarsa ta dama. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya sake kallonta, kamar mai jiran a miƙo masa wani abu. Har na tambaye shi ko ciwo take masa. Ya ce a'a, shi ma bai san me ya sa yake kallonta ba."



Auta ta san gwiwar nan. Sau nawa ta zauna a kujerar baya, Abba na tuƙi, Umma na gefensa a kujerar dama? Duk sanda aka kusa sauka, sai Umma ta miƙa hannu ta ɗan bubbuga masa gwiwa, sau biyu, tana kallon waje. Ita da Yaya har suna da shi abin tsokana, soyayyar tsofaffi suke ce masa, Umma ta harare su ta ce su kiyaye ta. Yanzu ne kawai ta tuna abin da ke biyo bayan bugun a kullum. Hannun Abba ya tafi kan makunni, sai ta ji rugugin tayoyi na fitowa a ƙarƙashin kujerarta.

"Wa ya yi masa horon bara?" in ji Kyaftin.

"Tsohon malaminsa, kafin ya bar aiki."

"Su biyu ne a jirgin?"



"Da Umma. A baya ta zauna, daidai bayan kujerarsa. Ta ce iska take son sha."

A bana ne Auta ta kafa dokar cewa ba fasinja a jirgin horo, ko matar mai jirgi ce, ko ɗansa. Ta sha faɗa da mutane a kan dokar nan, kuma tana alfahari da ita. Yau da safe Umma ta fito da mayafinta da jakarta, ta ce za ta raka su. Auta ta yi dariya ta ce, Umma, doka ba ta san uwa ba. Umma ta roƙa, ta sake roƙa, abin da ba halinta ba. Da aka tafi aka bar ta, a bakin ƙofa ta tsaya riƙe da jaka har mota ta ɓace.

"Ni ba likita ba ne," Kyaftin ya ce a hankali. "Amma a kai shi a duba shi. Kafin nan kuma kada ya tashi, ko shi kaɗai ko da wani."

"Me ka ce masa?"

"Na ce za mu ƙarasa wani lokaci. Na kalli fuskarsa na kasa, Auta. Na horar da mutane da yawa, ban taɓa kasa faɗa wa mutum gaskiya ba sai yau."

"Makullin jirgin fa?"

"Jirginsa ne. Yana aljihunsa."

Ta ɗauki jakarta ta fita, ko kwamfuta ba ta kashe ba.

*

A ɗaki ta sami Umma, zaune a bakin gado tana ninke kayan wanki. Farar rigar da Abba ke sawa in zai tashi ce a cinyarta, ta ninke ta warware, ta sake ninkewa. Ko sallamar ba ta gama amsawa ba ta jefo tambaya.

"Sun sauka lafiya? Ya shigo bai ce min komai ba, ya wuce ɗakinsa ya kwanta."

Auta ta ƙarasa bakin gadon. Ta zauna kusa da ita, ta miƙa hannu, ta bubbuga gwiwar Umma sau biyu.

Rigar ta zame ta faɗi ƙasa. Umma ba ta sunkuya ta ɗauka ba.

"Tun yaushe, Umma?"

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya min. Yau ya kusa kwantar da jirgi a kan cikinsa. Ba don Kyaftin na ciki ba, da yanzu wani zancen ake. Yana ta kallon gwiwarsa yana jiranki."

Umma ta rufe fuska da tafukanta. Ba kuka ta fara ba, numfashi kawai take ja. Da ta buɗe, idanun sun kaɗa.

"Na roƙe ki da safe."

"Kin roƙe ni, amma ba ki gaya min dalili ba. Tun yaushe?"

"Shekarar da muka dawo gidan nan." Muryarta a ƙasa take. "Muna dawowa daga tafiya, yana ba ni labari yana dariya, ƙararrawar nan ta fara. Shi ko a jikinsa. Ni ban san komai a jirgi ba, kin sani. Amma na daɗe a kujerar nan, jikina ya san inda ya kamata in ji rugugin nan a ƙarƙashina, kuma ban ji ba. Tsoro ya hana ni magana. Na kai hannu na taɓa shi kawai. Sai na ga hannunsa ya tafi da kansa ya sauke su, yana ci gaba da labarinsa. Bai ma san an yi ba."

"Shi ke nan kika mayar da shi aiki."

"Na ce ko ranar ce kawai. Tafiya ta gaba na jira in gani. Bai sauke ba."

"Bara fa, da kika zauna a baya?"

"Da ƙafa na dinga zungurar kujerarsa. Allah ya taimake ni ya gane."

Auta ta miƙe tsaye. Ranta ya ɓaci, ɓacin da ba ta taɓa yi wa uwarta ba.

"Umma, kin san su wa ya ɗauka a jirgin nan? Ni. Yaya. Matar Yaya da tsohon cikinta. Duk muna baya muna muku dariya, ashe rayuwarmu a yatsunki take."

"Ban taɓa bari ya tashi ba ni ba. Ko zazzaɓi nake sai na shiga."

"In barci ya ɗauke ki fa? In jiri ya kwashe ki?"

"Ban taɓa rufe ido a jirgin nan ba."

"Ni ce fa mai tsara horon nan. Ni nake zama in ce wa mazan mutane su ajiye makulli, suna zagina. Ashe a gidanmu abin yake, kina kallona kullum ina fita aiki."

"Shi ya sa ban gaya miki ba. Na san abin da za ki yi."

Umma ta sunkuya ta ɗauki rigar, ta kakkaɓe ta.

"Zauna, Auta. Ba jirgi kaɗai ba ne. Rannan a firji na tsinci tabaransa. Ya taɓa tsayar da mota a tsakiyar hanya ya tambaye ni ta ina ake bi zuwa ofishinsa, ofishin da shi ya gina. Watan jiya ya ɗauki waya zai kira Baffanku, sai da na tuna masa an binne shi, ya zauna ya yi kuka sabo kamar ranar aka yi rasuwar. Kamfanin da ya bar wa Yayanki yana cewa hutu yake so, kin ɗauka hutun ne? Zanen aikin ne ya fara rikice masa."

Auta ta koma ta zauna.

"A ƙasa tsoho ne mai neman tabarau," Umma ta ci gaba. "Amma in ya hau can sama, Abbanku ne yake dawo min. Zamansa ma canzawa yake, muryarsa ta buɗe, ya dinga nuna min koguna yana faɗin sunansu ɗaya bayan ɗaya, ba ya kuskure. Shi kaɗai ya rage masa. Ki ce ni zan ƙwace masa da hannuna?"

"Da kin kai shi asibiti."

"Likitan farko da zai gan shi zai hana shi tashi. Ya sani, ni ma na sani."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta yi wani ɗan murmushi mai ciwo.

"Kin san abin dariyar? Tsoron jirgi nake. Tun ranar farko har yau, ban taɓa shiga ba cikina bai juya ba."

Nan ne Auta ta fashe da kuka. Ni dai, masu karatu, ban san wa zan ba gaskiya a ɗakin nan ba. Abin da Umma ta yi ganganci ne, ba zan ɓoye ba, kuma da za a ce ni ce a kujerar, ban rantse ba zan yi irinsa ba.

"Mataimakiya."

Tare suka juya. Abba ne a bakin ƙofa, da jallabiyar gida, tabarau a hannu. Sunan da yake kiran Umma ke nan tun ranar da ya sayi jirginsa na farko, da wasa, don ta zauna a kujerar mataimakin matuƙi. Yau ba alamar wasa a muryar. Ba wanda ya san tun yaushe yake tsaye a wurin.

"Gaskiya ne?"

Umma ta miƙe, rigar na hannunta.

"Ka zauna tukuna, in kawo maka ruwa."

"Tambayarki na yi."

"Gaskiya ne."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya sunkuya ya kalli gwiwarsa, ya daɗe yana kallonta.

"Ke nan duk saukar da nake yi yara na tafa min, ba ni nake yi ba."

"Wallahi kai kake yi. Ni me na iya? Taɓawa kawai nake."

"Taɓawa kawai," ya maimaita.

Bai ɗaga murya ba. Da faɗa ya yi, da ya fi musu sauƙi. Ya juyo wajen Auta.

"Ke kuma, me malamin naki ya ce?"

"Ya ce a fara ganin likita, Abba."

"Ba wannan na tambaya ba. Ya sa hannu?"

"A'a."

"To. In da wani ne ba ni ba, wani baƙo da ya zo ofishinki, me za ki ce masa?"

Ta kalli Umma. Umma na girgiza mata kai a hankali, tana roƙonta da ido. Amma Auta ba ta iya yi masa ƙarya ba, ba ta taɓa iyawa ba.

"Zan ce ya ajiye makulli."

"Madalla. Haka na koya miki."

Ya sa tabaransa, ya cire, ya riƙe a hannu.

"Bari in ɗan zauna a lambu."

Auta ta yunƙura za ta bi shi, Umma ta riƙe mata hannu.

"Ƙyale shi. In ransa ya ɓaci ba ya son a tsaya masa a ka."

Suka koma suka zauna. Umma ta ƙarasa ninkin da ba ta san me take ninkewa ba, Auta na share hawaye tana tunanin wane likita za ta kira, da kuma yadda za ta faɗa wa Yaya. An jima sosai kafin Umma ta tashi ta dafa masa shayi, irin yadda yake so, ba sukari. Ta ɗauka ta nufi lambu.

Auta na zaune ta ji ƙarar kofi a kan siminti.

Ta fito da gudu. Kujerar lambu ba kowa, takalmansa na gida na ajiye a gefe. Inda motarsa ke tsayawa wayam, ƙofar gida a buɗe. Kafin ta ce wani abu wayarta ta yi ƙara, Kyaftin ne.

"Auta, ina Injiniya?"

"Yanzu muke nemansa."

"Ina cikin aji na ji tashin inji. Jirginsa ne a bakin titin tashi. Ku taho."

*

Ba ta san yadda ta tuƙa motar ba. Umma na gefenta ba takalmi, leɓɓanta na ta motsi har suka isa.

Filin ƙarami ne, ba shi da hasumiyar kula da jirage, matuƙa da kansu suke sanar da juna ta rediyo. A bakin shinge suka sami Kyaftin, oba-oba a hannunsa, kansa a sama. Can nesa ga jirgin Abba, fari mai jan layi, yana tafiya a miƙe gwanin sha'awa. Ya naɗe tayoyinsa tsaf, wannan bai manta ba.

"Ka yi masa magana?"

"Na yi. Sau ɗaya ya amsa."

"Me ya ce?"

Kyaftin ya kalli Umma, ya sauke kai.

"Faɗi, ɗana," in ji Umma.

"Ya ce in gaya wa Mataimakiya yau ta huta. Ya ce zagaye ɗaya zai yi ya sauka da kansa, kada kowa ya gaya masa komai. In ya sauka, shi zai kawo wa Auta makullin har tebur."

"Sai me?"

"Sai ya kashe rediyon."

Auta ta fizge oba-oban.

"Abba. Abba, Auta ce. Ka ji ni? Tayoyi, Abba, ka sauke tayoyi."

Ba abin da ya dawo sai shuuu. Ta sake kira, ta kira da lambar jirgin kamar yadda ake yi a aiki, ta koma ta kira shi da Abba. Ta ciro wayarta ta buga lambarsa, tana ta ringi ba a ɗauka ba.

"A tare masa titin mana," ta ce. "A sa mota a tsakiya, dole ya koma sama."

"Na yi tunanin haka. In ya gani da wuri, zai koma. In bai gani ba fa, ko ya rikice yana dab da ƙasa? Ba zan iya ba, Auta. Na sa motar kashe gobara ta tsaya a gefe, na hana kowa tashi. Iyakar abin da ke hannuna ke nan."

"In ya sauka a haka?"

"In ya miƙe sosai, jirgin ne zai lalace, shi ya fito. In fiffike ya kama ƙasa..." Bai ƙarasa ba.

Umma ta sulale ta zauna a kan dakalin da ke jikin shingen. Auta ta durƙusa kusa da ita ta riƙe ta, jikin Umma sanyi ƙalau. Ma'aikatan rumfar jirage sun fito sun yi cirko-cirko.

Jirgin ya karkata, ya juyo. Juyin ma mai kyau ne, a natse, irin na wanda ya san abin da yake yi. Ya miƙe layin sauka, fitilarsa ta gaba na haskawa, ƙarar injin ta ragu.

"Zai tuna," Auta ta ce. "Umma, yanzu fa ya ji maganar da kunnensa. Don ita ya tashi. Zai tuna."

Umma ba ta kalle ta ba. Idonta na kan wata doguwar bishiya da ke can gaban titin, ita kaɗai a fili.

"Kin ga bishiyar can?" ta ce a hankali. "Daidai kanta nake taɓa shi."

Jirgin na ta ƙaruwa a ido. Kyaftin ya karɓi oba-oban ya sake gwadawa, muryarsa ta dushe. Motar kashe gobara ta tayar da inji.

Jirgin ya matso bishiyar. Ya zo kanta.

Auta ta ji wani abu a ƙafarta, ta sunkuya ta duba. Hannun Umma ne a kan gwiwarta, yana bubbugawa. Sau biyu. Ya tsaya, ya sake bugawa sau biyu, Umma ba ta ma san tana yi ba.

Auta ta ɗago kai. Jirgin ya wuce bishiyar, cikinsa sumul, babu taya ko ɗaya.